Keken Mati

Ranar da Asibi ta fita takaba ba ta zauna karɓar barka ba. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen da ke ƙasan akwati tun kafin rasuwa, ta je ƙofar ɗakin Inna Hansatu ta ce mata Yelwa za su, kuma yau. Tsohuwar ba ta tambayi dalili ba. Ita ta goyi Mati, mijin Asibi, ita ta goyi ƙanensa Jabiru bayan uwarsu ta rasu, ta kuwa san abin da ke tsakanin matar marigayi da ƙanen marigayi. Ta laluɓi sandarta ta biyo ta bakin ruwa.

Keken ɗinkin Mati ne zai kai su. Ba a ko yi sadakar bakwai ba Jabiru ya shigo ɗakin da Asibi ke zaune a tabarma, kanta a lulluɓe, ya ɗauki keken daga gindin bango ya saɓa a kafaɗa ya fita. Ta ga ƙafafunsa ta ƙasan mayafi, ta ji ƙarfen ya bugi bakin ƙofa. Mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta bin namiji waje ta riƙe masa riga. Ya san haka, shi ya sa ya zaɓi lokacin. Watannin nan duka da ta yi a zaune, idonta na kan tabon da gindin keken ya bari a daɓe.

Jirgin inji suka shiga. Shekara guda ke nan da aka toshe kogin Kwara a Kainji, ruwa ya hau ya cinye ƙauyukan tsibiran kogin, gungu bayan gungu, aka kwashe mutane zuwa gidajen siminti da gwamnati ta gina musu a tudu. Da suka zo tsakiyar tafkin mai jirgi ya nuna wa fasinja kan wata giginya da ya leƙo, ya ce nan ne Gungun Kanya. Mutane suka juya suna kallo. Asibi ba ta juya ba. Ƙarƙashin ruwan nan fadamar albasarta take, da kabarin 'ya'yanta biyu, da rumfar da Mati ke ɗinki.

Shekarar da aka samu 'yancin kai Mati ya sayo keken a Jebba, wurin wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Tun a lokacin tsoho ne, na juyawa da hannu. A hanyar dawowa jirginsu ya daki dutse wajen Busa, keken ya kife ya bugu a wuya. Daga ranar, duk zagaye ɗaya da wilinsa zai yi sai ya cije a wuri guda, kamar mutum mai ɗingishi, sai an ɗan tura shi ya wuce. Jabiru, wanda ya koyi gyaran keken ɗinki a Yelwa, ya roƙi yayansa har ya gaji a ba shi ya buɗe ya gyara. Mati ya ce yana ɗinki, a bar masa abinsa, ya saba da shi haka.

Bayan shekara biyu ƙugiyar mamarin kamun kifi ta shiga hannun Mati na dama, hannun ya kumbura. Jabiru ya zo da jirgi zai kai shi asibiti, ya tarar Asibi ta riga ta kira mai magani, ta ce a jira a ga aikin maganin tukuna. Aka jira. Kumburin ya sace, amma hannun ya shanye, yatsun suka lanƙwashe ba su sake buɗewa ba. Jabiru bai yafe mata wannan ba. Da, shi ne abokin wasanta, ya ce mata matarsa, ta ce ba ta auren mai warin kananzir. Bayan hannun, wasa ya mutu, gaisuwa ma sai a gaban mutane.

Mati bai bar ɗinki ba. Ya riƙa tafiyar da yadi da hannun hagu, Asibi ta zauna a damansa tana juya masa keken. Haka suka yi shekaru. Ba ta taɓa zura zare a allura ba, ba ta taɓa zama a gaban keken ba. Gefensa kawai ta sani, da wilin, da katakon hannun da ya goge ya yi daidai da tafinta, da wurin nan da yake cijewa. Tana iya juya shi tana hira da maƙwabciya, kafaɗarta ta tura a wurin turawa ba tare da ta sani ba.

Rumfar Jabiru tana bayan kasuwar kifi, doguwa, rufin kwano. Da aka ce za a tashi mutane, motocin kwasa ba su ɗaukar komai da komai, sai kowa ya zubar da abin da ya yi masa nauyi. Jabiru ya shiga jirgi yana bin gungu gungu, ƙauye ƙauye har ƙasar Ngaski da Shanga, yana tattara tsofaffin kawunan keke, masu aiki da matattu. Ba sayarwa yake yi ba. Jera su yake yi a kan katako, ya zauna yana kallo. Ya san wanda aka ƙera a Ingila da na Jamus, ya san su ta furen da aka zana a jikinsu da lambar da ke gindinsu, ya ce masu gidan zare dogo kamar ɗan kwalekwale sun girmi masu zagayayye. Mutanen Yelwa na cewa aljanin ƙarfe ya shige shi. Hannuwan kekunan duk ya cire ya rataye a ƙusa, don kada mai shigowa ya yi masa wasa da su.

Suka same shi a tsugune yana goge wani da tsumma. Ya miƙe ya zo ya durƙusa gaban Inna Hansatu, ya tambayi gajiyar ruwa da ciwon gwiwarta, ya shimfiɗa mata buzu. Sai da ya gama duk wannan ya dubi gefen da Asibi ke tsaye, ba ita ba, gefen.

"Matar Yaya, an fito ke nan."

"An fito. Keken na zo ɗauka."

Ya ce wane keke. Ta ce wanda ya sace a ɗakin mai takaba. Ya ce mutum ba ya satar kayan ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, ceto ya yi. Ya ce ita ba tela ba ce, ko maɓalli ba ta iya sawa da keke ba, kuma da ya bar shi a hannunta da man kifi ya gama kashe shi. A gungu man keke ba ya zuwa, kowane tela kitsen cikin giwan ruwa yake narkarwa ya ɗiga wa kekensa, har ana gane sabuwar rigar mutumin gungu a kasuwa da ƙarninta. Jabiru ya tsani wannan ɗabi'a. Ya ce man yana daskarewa ya kama ƙarfe, yana kiran kiyashi.

"Abu mai kyau ya shigo hannunku sai kun lalata shi da maganin gida," in ji shi. "Hannu ma haka aka yi da shi."

Asibi ta ji maganar har tafin ƙafarta. Ta ce shekarun da ta yi tana juya wa yayansa keke, tana wanke masa hannu, tana ɗaura masa wando, shi yana nan Yelwa yana shafa ƙarafa, sau nawa ya leƙo? Ta ce ranar da Mati ke tari a sabon gidan siminti, sanyin daɓe na shiga ƙirjinsa, Jabiru na can Shanga yana cinikin mataccen keke. Gawa ya zo ya tarar, kuma abin da ya fara tambaya ina keke.

Inna Hansatu ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce ba ta keto ruwa da wannan gwiwar don ta ji ana tonon Mati ba. Ta ce wa Jabiru matar nan ta yi wahala a kan keken, ya ba ta. Ya murza tsumma a hannu, sannan ya ce to, tunda Inna ta faɗa. Keken yana cikin rumfar nan, ta nuna shi ta ɗauka. Amma sau ɗaya za ta nuna. In ta ɗora hannu ta ce wannan ne, ya zama shi ne, nata ne. In ta kuskure, kada ta sake taka masa rumfa, kada kuma ta sake kiran sunansa da sata a gaban kowa. Tsohuwar ta dubi Asibi, Asibi ta ce ta yarda.

Sai ya fara yi mata tambaya, yana murmushin da ba na daɗi ba. Wane irin fure ne a jikinsa? Ba ta sani ba. Gidan zarensa dogo ne ko zagayayye? Ba ta sani ba. Rubutun da ke wuyansa fa, ruwan zinariya ne ko ya goge? Ta ce baƙi ne dai.

"Inna, kin ji. Baƙi ne." Ya nuna layukan da hannu. "Duk wanda ba baƙi ba a nan, ki ɗauka kyauta."

Asibi ta dubi hannuwan da ke rataye a ƙusa. Ta ce ya ba ta hannu guda ta ɗaura. Ya zaro wani daga ƙusa ya miƙa mata ta ƙarshen yatsu, ya koma ya zauna kusa da Inna ya harɗe ƙafa. Ita dai ta san abin da take nema, kuma ta tabbata shi bai san ta sani ba. Ta tsuguna a daman na farko, yadda ta saba zama, ta ɗaura hannun ta juya.

Na farko ko motsi bai yi ba. Na biyu ya juya da kuka kamar ƙofar langa-langa. Ta cire hannun ta matsa gaba. Akwai mai nauyi tun daga farko har ƙarshe, akwai mai cijewa wuri biyu, akwai wanda ya yi rabin zagaye ya tsaya cak. Wani ya cije wuri guda, ta sake juyawa a hankali, sai ta ji a sama yake cijewa, na Mati kuwa sai hannu ya gangaro yana fuskantar gwiwarta. Ta wuce shi. Wani a layin ƙasa ya tafi sumul kamar ruwa, ba ta ko ƙarasa zagaye biyu ba ta bar shi. Rana ta hau kan kwano, zufa na bin bayanta, kiyashi na hawa mata hannu daga jikin kekunan. Jabiru na ba Inna labarin wani keke da ya ciro daga ɗakin da ruwa ya riga ya shiga, yana ɗaga murya don ta ji ba ta dame shi ba.

Ta kai ƙarshen layin ƙarshe. Babu.

Ta miƙe ta ce ya ɓoye shi, ko ya sayar wa wani Bature a Kainji, ya zo yana wasa da hankalinta a gaban tsohuwa. Jabiru ya daina murmushi. Ya ce ya rantse da Wanda ya karɓi ran Mati, keken na cikin rumfar nan, kuma ta taɓa shi da hannunta yau. Inna Hansatu ta ce Jabiru na da baƙin hali iri iri, ita ta goye shi ta sani, amma ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

Asibi ta tsaya a tsakiyar rumfar. Abin da ya fi ba ta tsoro ba rashin keken ba ne, a ce ta taɓa shi ta wuce ba ta gane shi ba. Ta ɗaga hannu za ta share zufa, ƙarnin tafinta ya dake ta. Baƙin maiƙo ne ya cika shi, man kifin gungaye da yawa, na telolin da ta sani da waɗanda ba ta sani ba. Ta dubi layukan da kyau. Jabiru ya fi saurin tarawa a kan gyarawa, yawancinsu yadda ya kwaso su haka suke, da maiƙonsu da ƙurarsu, kiyashi ya yi hanya daga wannan zuwa wancan. Ta bi hanyar kiyashin da ido a layin ƙasa. Ya zo gindin wani keke ya kewaye shi ya wuce, bai hau ba.

Ta je ta durƙusa a gabansa. Shi ne wanda ya tafi sumul ɗazu. Ta kai hanci kusa da wilin, ba ƙarni ko kaɗan, sai warin kananzir da wani siririn mai na kwalba. An wanke shi ciki da waje, har cikin ramukan ƙusoshi. Cikin duk abin da mutumin nan ya tara, wannan kaɗai ya zauna ya yi wa haka.

Ta koma damansa ta ɗaura hannun. Ta juya, hannu ya hau, ya gangaro wajen gwiwarta, kafaɗarta ta tura yadda ta saba. Ba abin da ya tare ta. Wilin ya kwasa da gudu, katakon ya suɓuce daga tafinta ya dawo ya buge ta a bayan yatsu. Ta riƙe yatsun, ta zauna a ƙasa tana kallon wilin har ya tsaya da kansa.

"Ka buɗe shi," ta ce.

"Nunawa aka ce ki yi, ba tambaya ba."

Ta ɗora tafinta a wuyan keken. "Wannan ne."

Inna ta kira sunan Jabiru. Sannan maganar ta zubo masa. Ya ce e, ya buɗe, kuma da za a sake da ya sake buɗewa. Sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ce ta karkace tun faɗuwar Busa, abin da zai gyara a yini guda, ya yi shekaru yana roƙo aka hana shi. Ya ciro wata daga mataccen keke irinsa ya sa. Yanzu yana tafiya kamar ranar da aka ƙera shi, mai shi kuwa bai taɓa jin haka ba, ba kuma zai ji ba. Ya juya ya tofar da yawu waje.

Asibi ta ce Mati ya ce kada ya taɓa, da bakinsa ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Ya jira sai da mutum ya shiga ƙasa ya yi abin da aka hana shi. Ta ce ina sandar da ya cire, ya mayar da ita yadda take.

Ya ce ya jefa ta tafki.

Amma idonsa ya riga bakinsa. Ta bi inda ya kalla, can saman buzun da yake zama, inda ya rataye carbinsa. Wani abu dogo na rataye a ƙusar, an naɗe shi da ƙyalle shuɗi. Ta san ƙyallen. Shi Mati ke ɗaurawa a wuyan keken yana soke allurai, daga tsohon zanenta ya yage shi. Ta miƙe ta nufi wurin. Jabiru ya riga ta, ya tsaya ya ba ƙusar baya.

"Keke aka ce. Ga keke can."

"Wannan ba na kowa ba ne in ba nawa ba. Ni na san nauyinsa a kafaɗata."

"Ke kin samu shekarunki da shi. Ni mi na samu?"

Ta juya ga Inna Hansatu. Tsohuwar ta ce a kan keke aka yi magana, keke kuma ya fito. Ta ce ita ba za ta raba musu ƙarfe ɗaya gida biyu ba, kowa ya riƙe abin da ke hannunsa, su ji tsoron Allah su bar yaron nan ya kwanta. Ta dafa sanda ta miƙe.

Asibi ta cire hannun aro ta ajiye a ƙasa. Jabiru ya buɗe wani gwangwani a bayan buzu ya ciro hannun keken na ainihi, wanda ya ɓoye don kada ta gane da shi, ya jefo shi gaban ƙafarta. Ta ɗauka ta soke a ƙugu. Ta naɗe gammo, ta tsuguna ta rungumi keken, ta kasa kai shi ka ita kaɗai. Yana tsaye yana kallo, bai matso ba, ita ma ba ta dube shi ba. Wata mai tallan bandar kifi da ke wucewa ce ta ajiye tirenta ta ɗora mata. Ba sallama tsakanin Asibi da Jabiru. Ya raka Inna har bakin hanya, yana tafiya ta ɗaya gefen.

La'asar ta yi kafin su isa gida. Asibi ta sauke keken a gindin bango, daidai kan tabonsa. Ta ɗaura masa hannunsa, katakon ya zauna a tafinta kamar jiya ta sake shi. Ta juya a hankali, ba yadi, ba zare. Duk gangarowa kafaɗarta sai ta tura, duk turawa sai ta faɗa wofi. Ta yi ta yi har hannunta ya gaji, bai koyi sabuwar tafiyar ba.

Ta fita tsakar gida ta tarar maƙwabciyarta na gyaran giwan ruwa. Ta roƙi kitsen cikin, ta narkar a murfin gwangwani a bakin murhu, ta kawo ɗaki. Ta tsoma tsinke ta ɗiga a kowane rami da ta ga Mati na ɗigawa, ta juya wilin don man ya shiga. Warin kananzir ya fara ja da baya. Kafin ta idar da sallar la'asar kiyashi ya samo hanya daga bakin ƙofa.